Ranar da Nasani Ya Kushe Gidan Hajiya

Ranar da ta tabbata cewa mu uku ba mu sami gado a hostal ba, ni da Dogo jikinmu ya yi sanyi, amma Nasani har da tafi.

Nasani ba sunan yanka ba ne, mu muka laƙaba masa, domin ba a taɓa kawo zancen da bai riga kowa saninsa ba. Ka ce masa hadari ya haɗo, ya ce ai ya sani. Ka ce masa kakarka ta yi mafarki, ya ce tun jiya ya ji a jikinsa. Tarihi yake karantawa, aji biyu kamar mu, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya yaye malamanmu.

"Ku gode wa Allah," in ji shi. "Hostal wurin yara ne. Gida za mu kama a waje, mu uku, mu raba haya. Kuma ni zan zaɓa."

Dogo ya ce, "Ka dai san ranar Litinin za a fara lacca. Kayanmu na jibge a shagon tela, kuma ya ce in gobe ta wuce ba mu kwashe ba, a titi za mu same su."

"Gobe ai da nisa. Ku saurara. Neman gida ilimi ne, kuma doka biyu gare shi. Ta farko, kada dillali ya gane kai ɗalibi ne, in ya gane ya yanke ka. Ta biyu, ba a yabon gida, kushe shi ake yi. Duk wanda ya yi murmushi a gaban mai gida ya ƙara wa kansa haya da hannunsa. Ku dai ku biyo ni, bakinku alaikum."

Da safe sai ga shi da hular kwano ruwan ɗorawa ta kawunsa mai aikin gini, da riga mai ƙyalli irin ta masu gyaran titi, tef ɗin awo rataye a ƙugu, 'yar guduma a aljihun baya. Hular ta yi masa yawa, in ya juya kai sai ta makara kafin ta biyo shi.

Dillalin da muka samu a bakin ƙaramar ƙofar jami'a gajere ne mai tarin makullai, yana magana kamar ana korarsa. Yana ganin hular ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, Injiniya! Ƙannenka ne za a nema wa wuri?"

"Yarana ne," in ji Nasani, ko kallonmu bai yi ba. Dogo ya girme shi da shekara biyu, kuma a tsaye Nasani iyakarsa hammatar Dogo.

Gidan farko babu laifi. Ɗakuna a jere, tsakar gida da siminti, wata mata tana wanki a gefe. Mai gidan yana tsaye yana jiran a yaba, Nasani ya wuce shi ya nufi famfo.

"Wannan famfon ya mutu, ba a dai binne shi ba."

"Famfon da aka sa makon jiya?" in ji mai gidan.

"Shekara nawa ka yi kana karanta ruwa?"

Ya kama kan famfon da hannu biyu ya murɗa ta inda ba a murɗawa. Kan ya tsinke a hannunsa. Ruwa ya yi tsiri ya daki haɓarsa, ya ɗauke hular ya jefa cikin bahon matar nan. 'Yan haya suka fito da bokitai suna salati, mai gidan ya danne bututun da tafin hannu yana kiran a kashe tanki, ruwa na fita ta tsakanin yatsunsa yana wanke masa fuska. Matar ta tsamo hular daga kumfa ta miƙa wa Nasani.

"Ungo, Injiniya. An wanke maka kyauta."

Ba mu tsaya sallama ba. Sai da muka karya kwana sau biyu dillali ya daina waiwaye. Nasani ya matse rigarsa ya ce, "Kun gani? Ba don ni ba da kun kwana a gidan ambaliya."

A gida na biyu ƙofa ya sa wa ido. Ya ce kuba ba a gwada ta daga waje, ɓarawo ne ke gwada ta daga waje, mai hankali daga ciki yake gwadawa. Ya tura mu ciki, ya bar dillali a baranda, ya bugo ƙofar da ƙarfinsa, ya murɗa makulli har sau uku. A na ukun muka ji ƙas. Rabin makullin na hannunsa, rabi na cikin kuba.

Dillali ya tafi neman kafinta. Ɗakin kuwa zafi kamar an rufe mu a tukunya. Wani mai aski da shagonsa ke kallon tagar ya baro kan da yake askewa ya zo kallo, mai kan ma ya biyo shi da ƙyalle a wuya, rabin kai fes.

Nasani ya ce ba zai jira kafinta ba. Ya zaro tef ya auna tagar tsaye da kwance, ya yi lissafi a iska da yatsa, ya ce ko saniya za ta wuce. Kai ya wuce, kafaɗu suka wuce da ƙyar, daga nan tafiya ta tsaya.

"Injiniya," in ji mai aski, "tagar ka auna, na gani da idona. To kai wa ya auna ka?"

"Malam, ja ni za ka yi ko surutu?"

"Ja kuɗinsa daban, surutu kyauta ne."

Suka kama hannuwansa daga waje, mu muka tura daga ciki. Dogo ya sa kafaɗa, kuma na lura da ɗan mugunta a turin nasa. Nasani ya fita fit ya faɗa kan mai rabin aski. Daidai lokacin kafinta ya iso, ya taɓa ƙofar da wani ɗan ƙarfe, muka fito ta ƙofa kamar mutane.

Rana ta take tsaka. Dillali ya share gumi ya ce saura gida ɗaya, kuma don Allah Injiniya ya riƙe hannuwansa a aljihu.

Ina shiga gidan nan na ji zuciyata ta zauna. Layi ne shiru, daga ƙofar gidan kana hango katangar jami'a. Sashen baya ne ake bayarwa: ɗaki biyu da ɗan falo, tagogi da raga, banɗaki tsaf, mitar wuta tasu daban, ga bishiya a tsakar gida ta yi inuwa daidai inda mutum zai baje littattafai. Dogo, wanda bara daga gidan gwaggonsa yake zuwa da mota biyu, laccar safe kuwa sai dai ya ji labarinta, ya tsaya a tsakiyar falon idonsa ya kawo ruwa.

Mai gidan wata dattijuwa ce da kowa ke kira Hajiya, ita kaɗai a sashen gaba tun rasuwar mijinta. Ta kawo mana ruwan sanyi da kanta, ta tambayi iyayenmu ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su.

"'Ya'yana, ni ba kuɗi ne ya dame ni ba, motsin mutane nake so a gidan. In ya yi muku, ku kwaso kayanku yau ɗin nan. Ga makullai."

Ta ɗaga su, har suna ƙara. Dogo ya washe baki ya miƙa hannu. Nasani ya taka masa ƙafa.

"Hajiya, ba a gaggawa da rai," in ji shi.

Ya gyara hula ya shiga zagaye. Ya ƙwanƙwasa nan ya yi tsaki, ya ƙwanƙwasa can ya girgiza kai. Ya leƙa banɗaki bai sami abin cewa ba, ya duba silin bai samu ba. Na ga gumi ya fara karyo masa. Can a bayan ƙofar falo ya hango wata 'yar tsaga a jikin fenti, siririya kamar zare, daga gefen taga zuwa kusurwa. Fuskarsa ta yi haske kafin ya tuna ya ɓata ta.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Lafiya, ɗana?"

"Tun yaushe wannan take nan?"

"Wace? Ni ban ma taɓa ganinta ba."

"Haka suke. Ba a ganinsu sai ranar da za su yi aikinsu." Ya kara kunne a bango, ya ɗaga mana hannu mu yi shiru. "Kuna ji? Harsashin ginin ne ya zauna. Bangon nan a tsaye yake don kunya kawai. Ni dai a yadda na karanta, ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ya ishe shi."

Ya juyo ya kashe mana ido ɗaya. A lissafinsa, yanzu Hajiya za ta ce to a rage wani abu.

Hajiya ba ta ce a rage komai ba. Sai ta ce, "Har da ɗakina?"

Nan ne ya kamata ya tsaya. Amma Nasani in ya ga ana sauraronsa, birkinsa tsinkewa yake yi.

"Hajiya, ai gini jiki ɗaya ne. In baya ya tafi, gaba ba ya zama."

Kofin da ke hannunta ya faɗi. Tsohuwar da ɗazu take tafiya tana dafa bango ta fice kamar an harba ta, ba takalmi, tana kururuwa, "Jama'a ku taimaka! Gida zai faɗo! Injiniya ya ce gida zai faɗo!"

Kafin mu fito layi ya cika. Mai shagon kusurwa ya bar shagonsa a buɗe, mai wanki da guga ya zo da dutsen guga a hannu, wani direban bas da ke barcin rana ya fito da singileti. Aka shiga fito da kayan Hajiya: gado, katifa, firji, kabad, tukwane, buhunan da ita kanta ta manta da su, hoton marigayi. Aka zaunar da ita a kan kujera a tsakiyar titi, wasu ɗalibai mata su uku da suka zo wucewa suka tsaya, ɗaya na yi mata fifita da littafi, ɗaya na ba ta ruwa, ɗaya ta koma ciki ta ɗauko mata takalma da maganinta.

Direban bas, wanda bangonsa ke manne da na Hajiya, ya ce in nata ya tafi ai nasa ma ya tafi, ya shiga fito da nasa kayan. Na kusa da shi ya ga haka ya fara. Kan ka ce kwabo rabin layin na waje, yara na tsalle a kan katifu suna murna kamar an ba da hutu.

Na ja Nasani gefe. "Kai, ka faɗa musu gaskiya."

"Kwantar da hankalinka. Ba ka ga farashi na sauka ba? In aka ƙara jimawa, roƙonmu za ta yi mu zauna kyauta."

"Tsohuwa za ka kashe," in ji Dogo.

"Ba a mutuwa da ciniki."

Mutane kuwa sai rububinsa suke yi. Wannan ya ce Injiniya zo ka duba nawa, wancan ya kawo masa lemo mai sanyi, wata ta ɗago jaririnta don ya ga wanda ya ceci layi. Nasani ya kumbura har hular ta kusa yi masa daidai. Ya bi mai shago ya ƙwanƙwasa bangonsa, ya ce shi ma a sa masa ido.

Sai wani dattijo mai sanda, wanda da alama shi ake ji a layin, ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Jama'a, mun yi waya da babban ɗan Hajiya. Ya ce kada a jira ya faɗo a kan 'ya'yan mutane. Tunda daga sashen baya cutar take, a sauke shi yau, a tsira da na gaba."

Aka ce haka ne, haka ne. Samari suka watse, suka dawo da diga da shebur da wata ƙatuwar guduma da sai da mutum biyu suka ɗauko ta. Sashen baya, wato falonmu, da ɗakunanmu, da inuwarmu. Dogo ya riƙe kai da hannu biyu.

Aka ɗunguma zuwa tsakar gida, Nasani a gaba ana tura shi. Dattijo ya sa aka ajiye gudumar a gabansa.

"Bisimilla, Injiniya. Kai ka san inda ciwon yake. Kai za ka yi bugun farko, yara su bi."

Nasani ya dubi guduma, ya dube mu.

"Baba, ai... ba a rushe gini da rana tsaka. Siminti yana da zafi."

"To mu jira la'asar?"

"A'a, wato... in aka duba da kyau, bangon zai iya kai wa baɗi."

"Ɗazu ka ce ruwa ɗaya," in ji mai guga.

"Ya danganta da ruwan."

"Kwantar mana da hankali yake yi, bawan Allah," wata mata ta ce. "Haka likitoci ma suke yi in abu ya ɓaci."

Wani saurayi mai ƙirar ɗan dambe ya tofa yawu a tafin hannu ya ɗaga gudumar. "Matsa, Injiniya. Tausayi ne ya hana ka."

Nasani ya daka tsalle ya manne da bangon, ya baje hannuwa kamar mai kare ɗansa.

"Ku tsaya! Wallahi ƙarya nake yi! Lafiyar gidan nan ƙalau!"

"Ji tawali'u," in ji matar nan.

"Ba tawali'u ba ne! Ku duba!" Ya ruga falo, jama'a suka bi shi, masu leƙe ta taga na leƙe. Ya sa farce ya kankare tsagar, fenti ya zubo, ga siminti a ƙasa sumul. Ya ja da baya ya bangaji bangon da kafaɗa, bangon ko gezau, shi ne ya yi ƙara. Ya sake, ya ƙara da shuri. "Kun gani? Fenti ne kawai! Na rantse da Allah tun safe muke yawo ban ga gida irin wannan ba! Ga ruwa, ga wuta, ga iska, ga jami'a a bakin ƙofa! Ko ninka hayar aka yi, araha ce! Ni don a rage mana na faɗa!"

Dillali ya lumshe ido kamar mai jin waƙa.

Dattijo ya dogara sandarsa. "To wane irin injiniya ne kai?"

Nasani ya cire hular a hankali ya riƙe a ƙirji. "Baba... tarihi nake karantawa."

Direban bas ne ya fara, "Firjina! Ni kaɗai na sauko da firjina daga bene!" Mai shago ya ce a biya shi lemonsa. Mai jariri ta juyar da fuskar ɗanta. Yara suka kama waƙar Injiniyan tarihi suna tafi, nan take suka yi mata amshi.

Aka buɗa wa Hajiya hanya, 'yan matan nan uku na riƙe da ita. Ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi mana sauƙi. Ta dubi Nasani daga sama har ƙasa.

"Ɗana, na ba ka ruwa, na miƙo maka makulli, ban ko yi ciniki da kai ba. Gidan da mijina ya gina da guminsa za ka sa a rushe mini don a rage maka haya?"

Kunya ta kama ni kamar ni na yi. Dogo ya durƙusa har ƙasa. "Hajiya, don girman Allah, mu ba mu ce komai ba."

"Na gani ai. Kuna tsaye ina gudu ba takalmi, ba ku ce komai ba."

Babbar cikin 'yan matan ta ɗan rusuna. "Mama, in ba damuwa, mu muna so. Dama jiya mun zo mun gani, tsagar nan ce ta sa muka ce sai mun yi shawara." Ta juyo wajen Nasani da fara'arta, ba ko alamar zolaya. "Mun gode, malam. Yadda ka bangaje shi bai motsa ba, kuma ka rantse, yanzu hankalinmu ya kwanta."

Hajiya ta kwance bakin zani ta ciro makullan ta sa mata a hannu. Ina kallo suka wuce ta gaban hancin Dogo.

Dattijo ya yanke hukunci cewa duk abin da aka fitar a layin nan, mu uku za mu mayar. Muka fara da na Hajiya. Muna cikin ɗaga kabad, Dogo a gaba, Nasani a baya yana nishi, 'yan matan kuwa har sun fara share falo suna gardamar wa za ta ɗauki ɗakin da ke kallon bishiya, sai Nasani ya leƙo ta gefen kabad ɗin ya rage murya.

"Amma ku faɗi tsakaninku da Allah. Duk gidajen da muka gani, wanda na tsaya a kansa ba shi ya fi ba? Ido ne da ni."

Dogo ya waiwayo ya dube shi. Nasa gefen kawai ya saki.